Takunkumin Sha-Dare

Ubana Barmo gardi ne.
A bayan layin dogo a Rigasa muka tashi,
mu huɗu, kura ta biyar.
Sunanta Sha-Dare.
Ita ke fara karyawa a gidanmu,
ƙashin kai da tumbi daga kwata,
mu kuwa sai abin da 'yan kallo suka jefo.

Shi ma gado ya tarar.
Kakana ya ja kuraye kasuwa-kasuwa
tun jirgin ƙasa na cin gawayi,
ya bar masa warki, da akayau,
da guru mai warin tsohuwar fata.
Kura ma ta karɓi kasonta:
yatsu biyu na hannun hagu.

In ya kaɗa ƙafa a Kasuwar Barci
'yan gwanjo kan bar rumfa ba mai tsaro,
teloli su taka keke a wofi, ido na waje.

Wata Laraba 'yan fim suka zo da farar bas.
Darakta, yaro ne, hularsa a juye,
ya ce kura suke so mai tsinka zuciya,
za ta tare jarumi a bakin kogi.
Dubu goma sha biyar da shinkafar rana.
Inna ta dubi tukunya, ubana ya dubi ƙasa.

Ƙarƙashin gada aka kafa fitilu
alhali rana na tsaka.
Jarumi ya sha hoda, an yayyafa masa jan ruwa.
Aka ce, mu je!
Sha-Dare ta shinshina yashi,
ta juya sau biyu, ta kwanta.
A sake!
Sau tara ana a sake.
Tsufa ba ya jin umarni.

Darakta ya ce, abin bakin nan
shi ke ɓata mana hoto. Cire shi.

Shekara goma sha ɗaya
ba a taɓa kwance shi gaban jama'a ba.
Ubana ya durƙusa, ya yi mata magana a kunne,
irin muryar da bai taɓa yi mana ba,
ya warware igiyar.
Mai kwalliya ta haye bas,
jarumi ya manta shi jarumi ne.

Ba ta buɗe baki ba.
Na ga sawun igiya zagaye da hancinta,
fari fat, inda gashi ya daina tsirowa.
Ta ɗaga kai, ta dubi tsallaken kogi,
inda ciyawa ta fi mutum tsawo,
ta daɗe tana dubawa.
Sannan ta lashi hannun nan mai yatsu uku,
ta tura baki cikin takunkumi da kanta.

Ubana bai ci shinkafar ba.

Da fim ya fito mun biya kuɗin ƙofa
a gidan kallon Cindo.
An ɗora mata rurin zaki,
an aro haƙoran wata dabba daga wani wuri.
Yara na ihu, suna ɓuya bayan benci.
Na ubana, hannu kawai ya shiga hoto,
ƙiftawa ɗaya, a gefen allo.
Da sunaye suka hau, har mai shayi an rubuta.
Kura da mai kura, babu.

Damina ta biyu ta mutu.
Ya haƙa mata rami da kansa,
maƙwabta na dariya ta kan katanga.
Bai sake ɗaura akayau ba.

Ni walda nake yi a Panteka,
ƙyamare, tagogi, kejin kaji.
Takunkumin na rataye a ƙusa bisa ƙofata,
igiyar ta bushe da siffar bakinta.
Ɗiyata Ladiyo kan tambaye ni,
Baba, shi Kaka bai ji tsoronta ba?
Nakan ce, je ki kawo min ruwa,
hayaƙin ƙarfe ya shige min ido.